Na Ɗaya da Ta Huɗu a Gidan Kawu

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu isa. Ya cika wata Talata da hantsi a zaurensa, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba, kafin azahar har an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, a zamanin da mutanen garinmu ke ɓoye ƴaƴansu a rumbu idan sun ji an zo rubuta yara. Yau ni ne direktan wannan lakwal ɗin. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, sai yanzu na iya ɗaukar bik in rubuta wannan, kuma ba da farin rai na ɗauka ba.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. An zo daga Waca, an zo daga Sassumbrum da Mallawa, har ƴan kasuwar hatsi daga tsallaken iyaka sun zo a kan moto, wato babur, biyu-biyu. Kawu ma'auni ne, ya fi shekara arba'in yana awon gero da dawa da wake a kasuwar Waca. Wani tsoho makiyayi ya durƙusa ya ce tun yana saurayi yake kawo hatsi wurinsa, bai taɓa tsayawa ya kalli hannunsa ba, ajiye buhu yake yi ya tafi sallah. Wata mai saida fura ta tsaya daga nesa tana kuka, ta ce shekarar da mijinta ya kwanta, Kawu ne ya riƙa tara mata abin da ya zube a gindin tabarmar awo. Duk wannan gaskiya ne, na ji daɗinsa.

Ranar addu'ar uku ce aka ɓata mini rai. Bayan an shafa, shugaban kwamitin iyayen yara ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ko ba komai, wannan bawan Allah shi ya raba mana maza da mata a lakwal. Da hannunsa ya kafa rumfar ƴan mata. Allah ya sa wannan aiki ya zame masa inuwa." Aka amsa da amin kamar za a tsaga wurin. Babban ɗan Kawu, taubashina, yana gefena yana gyaɗa kai.

Tir! Ba mutum ɗaya a wannan zama da bai san cewa Kawu ne kaɗai ya ƙi wannan rabawar ba. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, an ɗauki abin da ya mutu yana ƙi an yafa masa kamar rigar sallah. Ni ma na sunkuyar da kai ina wasa da carbi.

Akwai kuma abin da ya sa zancen ya fi ci mini rai. Taubashina yana da yara biyu a aji shida a wannan shekarar, namiji da mace. Namijin ne babba, ya maimaita aji, ƙanwar ta cim masa. Garinmu ba kolej sai Waca, ba tafiyar da yaro zai yi kullum a ƙafa ba ce, dole sai da masauki. Autar Kawu da ke aure a can ta ce ɗakinta zai ɗauki yaro ɗaya, ba biyu ba. A gaban mahaifinsa taubashina ya ce wanda ya fi ƙoƙari shi zai tafi. Maganar da Kawu ya mutu da ita a baki ke nan.

Bari in faɗi irin mutumin. Gajere ne, siriri, ga faɗa kamar zakara. Tiyarsa ta awo ɗaya ce tak, ta ƙarfe, bakinta ya cinye har ya yi santsi. A kasuwa akwai masu tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, suna ɓoye ɗayar a ƙarƙashin buhu. Waɗannan ko hannu ba ya ba su. Idan aka yi sallah ya ga ɗayansu ya tsaya kusa da shi a sahu, sai ya matsa, kowa na gani. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai wannan wulakanci ne." Ya ce, "Shi ya fara wulakanta matar da ta yi noma wata huɗu. Ni matsawa kawai na yi."

Da gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa, sai ya maida wurin zamansa gindin dogon yaron da ke ƙofar lakwal. Can zai wuni da buzunsa da magogin goro, don haƙoran sun tafi. Bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ya fi ni sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Shi ya fara nuna mini abin da ke gabana ban gani ba: ranar kasuwar Waca, da ranar kasuwar da ke bakin iyaka, rabin maza ba sa zuwa. Suna can suna ɗura esansi, wato man fetur, a kwalabe, suna loda amalanke, suna bin masu moto. Matan kuwa a makare suke zuwa, zanensu a jiƙe da ruwan rijiya, suna warin hayaƙi, amma suna zuwa. Jikarsa idan ta zo wucewa sai ya ce, "Uwata, yi sauri, an buga ƙarfe," don sunan mahaifiyarsa ta ci. Jikan kuwa cewa yake, "Alhaji mai esansi, yau an ba mu aron ka?"

A lakwal ɗinmu akwai al'ada. Ƙarshen kowane zangon karatu iyaye kan taru a fili, direkta ya tsaya ya karanta sakamako da ƙarfi, daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa da makinsa. Shekara huɗu a jere mace ce ke zuwa ta ɗaya a aji shida. A shekara ta huɗun, biyar ɗin farko duk mata ne. Kowace aka kira, uwarta da maƙwabta su rangaɗa guɗa. Ina tsaye da takarda ina kallon fuskokin maza suna ta yin baƙi. Ni na san ba makin ne ya ƙona su ba, guɗar ce.

Ba a yi mako ba aka kira taro. Kai, na ji shirme ranar! Wani ya ce matan ne ke ɗauke hankalin mazan. Wani ya ce malamai na son kai. Wani dattijo, da gemunsa fari tas, ya rantse cewa akwai abin da ƴan matan ke barbaɗawa a ƙuli-ƙulin da suke saida wa maza, shi ke daƙushe musu kai. Kawu ya ɗago ya dube shi ya ce, "Kai buhu nawa ka ci?" Aka fashe da dariya, dattijon ya sha kunu. Kawu ya ci gaba: "Ku bar yaranku su zauna a aji ranar kasuwa, ku ga aiki. Ba mace ce ta kai ɗanka bakin iyaka da jarka ba, kai ne."

Da suka ga ba ta nan, sai aka jawo addini. Nan ma bai bar su ba. Ya ce, "Tare suke zuwa rijiya, tare suke gona, tare suke talla, ba wanda ya tuna da Allah. Sai da aka yi wa ƴar wani guɗa kuka tuna?" Amma ba wanda ya sauya ra'ayi. A lokacin an turo mana sabuwar malama, madam, yara sun yi yawa, dama za a raba manyan azuzuwa gida biyu. Suka ce a raba maza daban, mata daban. Na dubi yawansu, na tuna a garin zan ci gaba da zama, na ce to.

Kar a yi mini mummunar fahimta. Ni ban ce ajin mata zalla mugun abu ne ba. Madam da kanta ta gaya mini daga baya cewa akwai yaran da ba ta taɓa jin muryarsu ba sai da aka fitar da maza, suka fara ɗaga hannu, suna gardama, suna zuwa tabulo, allon aji, ba kunya. Da don wannan aka raba, da ni zan fara sa hannu. Amma na zauna a taron nan, na ji dalilin da kunnena.

Ɗakin siminti mai benci aka ba maza, ba ma wanda ya tsaya tambaya. Mata aka nuna musu fili. Kwana biyu suna zaune a rana, madam ta jingina tabulo a jikin bango, yara na bin ƴar inuwar bangon tana gudu. Rana ta uku sai ga Kawu da amalanke. Karan da ya tanada don gyaran dangar gidansa ne ya kwaso duka, da dirkoki, da tabarmi uku na zaurensa. Yana ɗaure kara yana zagi ƙasa-ƙasa. Na ce, "Kawu, ba kai ne ka ƙi ba?" Ya ce, "Har gobe na ƙi. Amma don ku ba ku da kunya sai in bar ƴaƴan mutane su gasu?" Wannan shekarar gidansa a buɗe ya yi damina, awakin maƙwabta na shiga suna fita. Wannan ita ce rumfar da aka yi masa addu'a a kanta.

Kompozisiyon ɗin farko bayan rabawa, wato jarrabawar ƙarshen zango, tambayoyi iri ɗaya na ba azuzuwan biyu. Da na zauna gyaran takardun maza sai da na cire tabarau na goge. Yaron da ya saba kawo shida cikin goma ya kawo uku. Ashe shekara da shekaru wuyansu a miƙe yake, daga kayen ƴan matan, littafin rubutunsu, suke kwafa. An ɗauke musu matan da ake cewa suna hana su karatu, an bar su da kawunansu, kawunan kuwa wayam. Matan su ma suka ba ni mamaki, sama suka ƙara yi.

Kwamiti ya sake zuwa, wannan karon a ofishina, da murya ƙasa-ƙasa. Suka ce tunda aji biyu ne, a karanta jeri biyu. Kuma a bar faɗin maki, yana karya wa yara zuciya, a faɗi matsayi kawai. Wace zuciya? Na san ta wa suke nufi. Na sake cewa to. Tun daga ranar lakwal ɗinmu take haifar na ɗaya biyu a kowane aji. Uban da ɗansa ya zo na ɗaya a maza ya yanka zakara, ana ta yi masa barka, alhali da an haɗa jerin, da yaron nan ko cikin goman farko ba zai leƙa ba. Ni kuma ina karɓar gaisuwa, ana cewa direkta ya gyara lakwal. Abin ƙyama, kuma da hannuna na yi shi.

Haka aka tafi har jikokin Kawu suka iso aji shida. Zangon farko na tsaya a fili na karanta: jikan na ɗaya a maza, jikar ta huɗu a mata. Taubashina ya ɗaga yaron sama. Washegari da safe Kawu ya shigo ofishina ba sallama, ya kwance bakin rigarsa ya zube gyaɗa a kan teburi.

"Auna mini," in ji shi.

"Me zan auna, Kawu?"

"Yaran nan biyu. Ni ban san rubutunku ba. Kowane maki ɗaya, ka ajiye ƙwaya ɗaya. Nan nasa, nan nata."

Na buɗe littafi. Na ajiye wa yaron ƙwaya biyar. Na ajiye wa yarinyar bakwai, na fasa ta takwas na ajiye rabi. Ya daɗe yana kallon tsibin biyu. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi wa mutanen nan na kasuwa.

"Ashe mai tiya biyu na raina," ya ce. "Na kai ka lakwal da hannuna don ka zo ka yi wa marasa karatu irin awon da ake yi musu a kasuwa? Gara su, hatsi suke ci. Kai yara kake ci."

Ya wanke ni tas, ina zaune kamar ɗan aji ɗaya. Na fara cewa kwamiti ne, ya ce in rufe masa baki, kwamiti ba shi ke riƙe da takardar ba. Ya kwashe gyaɗarsa ya fita. Mako uku idan na gaishe shi, amsa sallama kawai yake yi ya kau da kai. Ranar Juma'a na tsaya kusa da shi a sahu, ya matsa. Ina da shekara arba'in da ƴan kai, amma ranar sai da na yi hawaye a cikin sallah.

Ya je ya sami ɗansa da maganar. Taubashina ya ce, "Baba, ni abin da direkta ya faɗa a gaban jama'a shi na sani. Na ɗaya da ta huɗu. Gyaɗa kuma ai ba takarda ba ce." Abin mamaki, Kawu bai yi fushi da shi ba. Ni ya dawo wa. Ya ce, "Ɗana ba azzalumi ba ne. Jahili ne irina, an yi masa mugun awo ya yarda. Ranar da ya ji gaskiya daga bakinka a fili, zai bi ta. Na san abin da na haifa."

Zango na biyu ya zo, na kasa. Na sake karanta jeri biyu, ina satar kallon gindin dogon yaro. Bai ma jira na gama ba, ya naɗe buzunsa ya tafi.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum bayan an tashi yara da rana nakan je in zauna kusa da shi. Kwana biyu kafin ya cika, jikar ta kawo masa kunu ta fita. Ya bi ta da ido, sannan ya kama wuyan hannuna, da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce, "Na ƙarshen shekara, jeri ɗaya. Da maki. Da ƙarfi, yadda na bayan danga zai ji. Ka yi mini wannan, na yafe maka sauran." Na ce na yi alkawari. Ya ce, "Ka faɗa da sunan Allah, na san ka da cewa to." Na faɗa.

Mako uku bayan rasuwarsa ranar ta zo. An yi shuka, gero ya fara fitowa, mutane sun zo da ƙasar gona a ƙafafunsu. Na tsaya da takarda ɗaya. Na ce bana jeri ɗaya ne, kuma zan faɗi maki. Shugaban kwamiti ya miƙe, na yi kamar ban gan shi ba. Ta ɗaya mace. Ta biyu mace. Ta uku mace. Ta huɗu jikar Kawu, na faɗi makinta har sau biyu. Na ci gaba da kira, mata na fitowa, sai a na goma sha ɗaya aka ji sunan namiji, shi ne jikan. Ko guɗa ɗaya ba a yi ba, matan ma tsoro ya kama su. Maza suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wani ya tofar da yawu a gabana. Ban damu ba. Rabon da in ji ƙirjina ya yi sauƙi haka, na manta.

Washegari da hantsi na bi taubashina gona. Yana noman farko, yaran biyu na ƴan kunyoyi kaɗan daga inda yake. Na ce, "Ɗan Kawu, ka ji da kunnenka jiya. Wace rana za mu kai ta Waca a ga masaukin?"

Ya dogara da hauyarsa ya yi dariya, ba ta wasan taubasai ba.

"Direkta, kai da tsoho ne kaɗai a garin nan kuke zaton ba mu sani ba. A tsakar gidana take zaunar da shi tana koya masa lissafi, ina shan fura ina kallonsu. Kowane uba ya san abin da ke gidansa. Mu abin da muka roƙe ka shi ne kar ka faɗa a gaban matanmu. Shi ke nan."

Da ƙyar na ce, "To alkawarin da ka yi a gaban mahaifinka?"

"Na faɗa ne don ransa ya yi sanyi. Ita tana da kai, duk inda ka ajiye ta za ta yi rayuwa. Shi idan bai tafi ba, kwalaben esansi ne har ya mutu. Shi zai tafi."

Na ce zan nemo mata wani masaukin da kaina, ko a Magaria ne. Ya ce uwarta ba za ta iya rasa hannu biyu a shekara ɗaya ba, kuma in bar shiga abin da ba gidana ba. Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.

Yarinyar ta ji komai, ba nisa tsakaninmu. Da na zo wucewa ta ɗago, gumi na zuba a goshinta, ta ce, "Sannu da zuwa, Mushe," yadda yaran lakwal ke kiran malaminsu. Ta maida kai ƙasa. Na amsa mata, na wuce.

Makon jiya aka koma karatu. An ɗora wa yaron tabarma da ƙullin gero a bayan moto aka kai shi Waca. Ita tana gida. Na koma wurin uban sau uku, na aika liman, na aika mahaifiyata, har yanzu amsar ɗaya ce, kuma ban daina ba.

Kawu, na cika maka alkawari, bai sayi komai ba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya auna maka da irin awon da ka yi wa bayinsa. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah a kan mutuwarka ba, amma ranar nan a gona na gode masa da ya ɗauke ka kafin ka ji ɗanka. Ka tafi kana cewa rashin sani ne ke damunmu. Ya Allah, ka bar shi a kan wannan zaton, kar ka nuna masa mu.